Saura Afuwar Kamfani

Gadarif, Jimada Sani

Zuwa ga ƙanwar mijina Zahra'u, a Azare.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baffa Ɗanliti, da fatan ciwon ƙafarsa ya yi sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Ki ba Baffa ya karanta miki kamar kullum, kin san hannuna da ajami ya saba. Naki na boko ina haɗa shi a hankali, yana haɗuwa. In shabaka, wato sadarwar waya, ta zo zan ɗauki hoton takardar nan in tura.

Ta'aziyyarki ta iso, na yi ta maimaita muryarki. Kin tambayi yadda abin ya faru. Yayanki ya dawo daga Simsim bayan yankan riɗi da zazzaɓi a jikinsa. Ya ce gajiyar tarakta ce, ya ƙi asibiti sai da ya kasa tashi. Bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba, nan habas ake ce mata, ko ƙofar gida ba na leƙawa. Aikin da na ba kaina shi ne nema masa afuwa. Husaini ƙaninsa shi ne ƙafata. Na tura shi wurin mai gona, da ma'aikatan da yayanki yake yi wa tsawa, da matar da take sayar da shayi a tashar Simsim, har da maƙwabcin da suka daina gaisawa saboda akuya. Kowa ya ce ya yafe. Makaniken da yake gyara masa tarakta kuwa kuka ya fashe da shi, ya ce shi ya kamata a yafe wa, don ya taɓa sa masa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne. Duk afuwar da Husaini ya kawo, sai in ji kamar an ɗauke wa yayanki dutse daga ƙirji. Yanzu ban san wanda ya rage ba.

Gidan ya cika. Halima ƙanwarsu ta gudo daga yaƙin da ake yi a Madani da 'ya'yanta da abin da ke jikinsu kawai. Yaran ba sa wasa, ko ƙarar babur suka ji sai su shige ƙarƙashin gado. Halima ta ce bari ta kunna musu fim ta mabuɗin nan, lambar kallo da kika ba yayanki, ko hankalinsu zai kwanta. Sai rubutu ya fito da Larabci, wai wannan talabijin ba ta cikin gidan mai biya. Ta sake gwadawa, haka dai. Ko mun taɓa wani abu ne? Ba na gaggawa ba ne, in kin samu sarari ki duba.

Taki,
Barira

Azare, Janairu

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Baba ya karanta takardarki, da ya zo wurin makanike ya yi dariya, sai kuma ya ajiye tabarau. Ƙafarsa da sauƙi. Allah ya jiƙan Yaya Uzairu, ya ba ki haƙuri, ya tsare Halima da yaranta.

Ba ku ɓata komai ba. Kamfanin fim ɗin ne ya tashi da sabuwar tsiya. Sun ce lambar sirri ta mutanen da suke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ce kawai, duk wanda yake wani gari a kashe masa. Na ce su zo in nuna musu yadda gidanmu yake: kakan Baba ya haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ya tafi Makka a ƙasa ya tsaya Gadarif, ɗaya ya zauna Azare. Wane rufi ne zai rufe wannan?

Kuma a daidai lokacin suka ƙara kuɗin wata. Ni da nake tsaye a kantin magani tun safe, sai na yi tunani kafin in biya. Su kuwa na gani a waya wai ribarsu ta bana ta take ta bara, masu hannun jari suna ta murna. Tun da suka fara korar mutane kuɗinsu yake ƙaruwa, don wanda aka kora yakan je ya buɗe nasa.

A wurinsu dai ni da Yaya Uzairu ɓarayin fim ne. Ɓarawon da yake barci kafin a gama rubutun farkon fim. Kin tuna shekarar da ya zo nemanmu? Ya zauna a falon Baba yana kallon shirin manyan gonaki na ƙasashen Turawa, yana yi wa allo faɗa, wai mutumin nan bai iya saita garma ba, ƙasa za ta rama. Ranar da zai tafi na rubuta masa lambar a bayan kwalin magani. Ya ce zai riƙa kallon na Hausa don ya gyara bakinsa, mu daina yi masa dariya in ya ce shukran.

Akwai dabara. In Halima ta kunna, ta danna wurin da aka ce tana kan tafiya. Za su turo mini lamba, ni kuma in turo muku. Ki gaya mini lokacin da kuke samun wuta.

Ƙanwarki,
Zahra'u

Gadarif, Rajab

Zahra'u,

Ina gaishe ki da Baffa. Muna lafiya. Yaran sun fara fita tsakar gida.

Kada ki turo lambar. Halima ba ta kan tafiya, ba za mu ce tana kan tafiya ba.

Tun da na karanta takardarki ko kisra, wainar dawarmu, ba ta wuce mini maƙogwaro. Na san wasa kike yi da kika ce ɓarayi, amma ki gaya mini tsakani da Allah: wannan doka yanzu suka kafa ta, ko dama tana nan lokacin da yayanki yake kallo? Rani bayan rani, daga an gama girbi har ruwa ya sauka, ba shi da aiki sai wannan. Yana zaune a rumfa da jabanarsa ta gahawa, yana kallo, yana gyangyaɗi, yana farkawa ya ci gaba. In masu abin ba su yarda ba, to duk wannan yana wuyansa.

Kin ce suna da kuɗi. Mai gonar Simsim ma yana da kuɗi, buhunan riɗinsa sai manyan motoci, amma yayanki bai taɓa shigowa gida da ko cikin tafin hannu ba sai an ba shi. Yawan dukiyar mutum ba ya halatta ɗaukar ta.

Na aika an kira Malam Abdulganiyyu na masallacinmu, na yi masa bayani ta bayan labule. Ya ce shi bai taɓa cin karo da irin wannan a karatunsa ba, don abin da aka kalla bai ragu a wurin mai shi ba. Amma ya ce in mai abu ya ce kada, to kada ne, kuma mafi tsira a nemi afuwarsa.

Da na san abin da ke cikin mabuɗin nan da kika ba shi, da ban bari ya shigo gidan nan ba.

Ki taimake ni da sunan mai sharikar, wato kamfanin, da garinsu. In akwai lambar waya, ki turo. Husaini yana jin Turanci kaɗan. Ba wani abu zan roƙa ba, magana ɗaya ce: mutumin ya rasu, a yafe masa. Kowa ya yafe, saura su.

Barira

Azare, farkon Fabrairu

Matar Yaya,

Mun gode da gaisuwa, muna lafiya.

Baba ya karanta layin nan na mabuɗi, ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau, ya sake karantawa. Da ma faɗa ya yi mini.

Na fahimta. Ni na kai masa abin da zai dame shi a kabari. Ba ni da abin da zan ba baƙon da ya keto ƙasashe yana neman danginsa, sai wannan, shi na bayar. In kuskure ne, ki yi haƙuri.

Kin tambayi gaskiya. Na duba. Dokar tana cikin dogon rubutun da ake danna na yarda, tun farko. Ba wanda yake karantawa, su ma a da ba sa hanawa. Ba zan turo lamba ba tunda ba kwa so.

Zahra'u

Azare, ƙarshen Fabrairu

Matar Yaya,

Ina gaishe ki. Kina lafiya? Halima da yara fa? Shirunki ya yi yawa. Da farko na ɗauka fushi ne, ni ma na yi nawa fushin. Sai Baba ya ji a rediyo cewa an ɗauke sadarwa a Sudan, babu waya babu komai. Takardata ta baya tana nan a waya da alama ɗaya, ba ta ma shiga ba. Da ana janye ta daga hanya da na janye. In sun iso tare, ki fara da wannan.

Na yi abin da kika ce. Ba su da lambar da mutum zai kira mai kamfani, sai wurin da ake rubuta koke. Na rubuta musu komai: sunansa, aikinsa, cewa ya rasu, kuma matarsa tana neman a yafe masa kallon da ya yi da lambata. Na'ura ce ta fara amsawa. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta tambaya ko ina so in rufe, ko in ƙara mutum ɗaya daga waje da ƙarin kuɗi. Na ce mutumin ya rasu. Ta sake yi mini ta'aziyya ta sake kawo farashin.

Na nace har aka haɗa ni da mutum, wata mace. Ta yi kirki. Ta ce ba a bin sa komai a wurinsu, ba su ma san da shi ba, sunana kawai suke gani. Na ce ba wannan ake tambaya ba, afuwa ake nema. Daga baya ta ce ita ma'aikaciya ce, ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba, amma za ta tura sama. Na ce wane ne mai shi, in je saman da kaina. Ta ce masu shi dubbai ne, a ƙasashe daban-daban, wani ya sayi rabonsa da safe ya sayar da yamma.

Daga sama har yau shiru. Abin da ya zo kawai saƙo ne cewa za a sake ƙara kuɗi.

Na rubuta miki sun yafe, na goge. Ke ba wadda za a rufa da wannan ba ce.

Don Allah da zarar kin samu hanya ki yi magana, ko kalma ɗaya.

Ƙanwarki,
Zahra'u

Gadarif, Sha'aban

Zahra'u ƙanwata,

Muna raye, muna lafiya, ki gaya wa Baffa. Shabaka ba ta dawo sosai ba. Wasu mutane sun kafa farantin da yake kamo ta daga tauraron ɗan'adam a kasuwa suna sayar da ita, can Husaini yake kai wayata ya tsaya a layi. Takardunki biyu tare suka shigo. Ban ga gargaɗinki ba sai da na gama ta farko, don haka ta fushin na fara sha.

Haba Zahra'u. Ni zan ce ke kika cuce shi? Kaina nake yi wa faɗa. Ni nake share rumfar, ni nake dafa masa jabana, ni nake cewa ƙara murya in ji daga murhu. Ban taɓa tambaya ko wa ake biya ba, ko sun sani. Hannuna ya fi bakina kaushi, in na rubuta abu sai ya fito da ƙaya. Kwalin maganin nan ya fi ƙaunarsa a kan duk tsarabar da ya kawo. Yakan nuna wa abokansa ya ce ƙanwarsa ta Najeriya ce ta buɗe masa. Mutumin da ya tashi ana ce masa baƙo a nan, can ma da ya je ana dariyar Hausarsa, ke kika sa ya ji yana da gida a wajenku. Ki ce wa Baffa ya karanta wannan wurin sau biyu shi ma.

Na gode da ba ki rufe ni ba. Amma maganar dubban nan ta zauna mini. Husaini zai iya zagaye Gadarif, ba zai iya zagaye duniya ba. Kuma wanda yake da sharikar lokacin da yayanki yake kallo, wataƙila ya sayar ya tafi.

Malam ya ce in yi sadaka da niyyarsu. Na auni dawa, Halima ta kai wa 'yan gudun hijira da suke makarantar unguwarmu. Zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa Malam, ai wannan hukuncin wanda aka nema aka rasa ne. Waɗannan ba a rasa su ba, suna nan, suna turo miki farashi. Amsa ce ba sa bayarwa. Malam ya yi dariya ya ce, Barira, ke da kin yi karatu da kin wahalar da mu.

Takabata ta kusa ƙarewa. Na so ranar da zan sauke farin zanen nan in ce masa a raina, kwanta, na gama maka. Halima tana cewa na rame, wai mutanen da ba su san da shi ba me za su riƙe. Ni kuma ina ganin ranar da za a tsaya, ba sai ka san mutum ba za a nuna maka haƙƙinka a wuyansa. Kuma wanda bai bar mutum ya kalli fim da ɗan'uwansa ba, kina ganin ranar zai ce ya bari?

Ban san abin da zan yi ba. In Baffa yana da shawara, ina saurare.

Taki,
Barira

Azare, Maris

Matar Yaya,

Alhamdu lillahi da jin kuna lafiya. Baba ya karanta wurin sau biyu kamar yadda kika ce, ya ƙara na uku da kansa. Ni ma ki yafe mini saurin fushi.

Na kwana biyu ina juya maganar a kanti, har na ba wata mata maganin tari ita da ta zo neman na ido, sai da ta dawo da shi tana zagina. Ga inda tunanina ya tsaya. Yaya Uzairu bai taɓa ƙulla komai da mutanen nan ba. Ni na ƙulla. Ni na danna na yarda ban karanta ba, sunana ne a wurinsu, ni na rubuta lambar da hannuna na miƙa masa. Shi baƙona ne, abin da na ajiye masa ya ci.

Na tambayi Baba ko mai rai yana iya ɗaukar nauyin da ke kan mamaci ya mayar kansa. Ya ce sosai ma, amma ba a zuci ake yi ba, da baki ake faɗa a gaban shaidu. Jiya bayan la'asar ya kira limamin layinmu, suka zauna a zaure, na durƙusa na faɗa. Na ɗauki muryar, ga ta nan haɗe da takardar. In ba ta buɗe ba, ga abin da na ce:

"Ni Zahra'u 'yar Ɗanliti, duk haƙƙin da kamfanin nan yake da shi a kan Uzairu na Gadarif, na kallon da ya yi da lambata, na ɗauke shi na mayar kaina, duniya da lahira. Ku shaida."

Liman ya ce ya shaida, sannan ya tambayi Baba a hankali ko wane irin kamfani ne wannan. Da aka yi masa bayani ya ce to shi ma sai ya binciki 'ya'yansa.

Ina tunanin rufe abin gaba ɗaya ƙarshen wata, kuɗin ya fi ƙarfina. Ki ci abinci, Matar Yaya. Azumi ya zo, ba a shigarsa da rama.

Ƙanwarki,
Zahra'u

Gadarif, Ramadan

Zahra'u,

Barka da shan ruwa, ke da Baffa da Liman. Muna lafiya. Na fita takaba. Ranar farko na tsaya a ƙofar gida na rasa inda zan nufa, sai na tafi gidan mai akuya na gaishe su.

Muryarki ta buɗe. Kafin in fita takabar na sa Husaini ya kira Malam, Halima ta zauna, aka ɗora wayar a kan faifai aka kunna. Malam ya ce a sake. Da aka sake ya ce magana ta ƙullu, nauyi ya tashi daga kan mamaci ya koma kan wadda ta ɗauka. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce wannan kam yana cikin karatunsa.

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Da na fito na ci kisra da miyar kuɓewa har Halima ta janye kwanon.

Amma da na kwanta sai ke kika tsaya mini a rai. Yarinya ko aure ba ki yi ba, ki tafi da wannan ke kaɗai? Ina gefen yayanki ake kallon nan. In ya yi barci ba na kashewa, nakan matso in ƙarasa, da safe in ba shi labari ya ce ai ya gani. In za a auna da gaskiya, idona ya fi nasa ci.

Don haka washegari na sa aka sake kiran Malam. Ya zo yana cewa, Barira, me kuma ya rage. Na ce masa ya shaida, abin da Zahra'u ta ɗauka, rabi nawa ne. Ya shaida, Husaini ya shaida. Kada ki yi mini gardama, an riga an ƙulla.

In kuɗin ya fi ƙarfinki ki rufe, yaran sun koma wasan ƙasa, ba sa tambaya. Sai dai kafin ki rufe ki rubuta wa matar nan mai kirki. Ki ba ta sunana da sunan mahaifina, ki ce Gadarif, gidan direban tarakta, kowa ya sani. Ta ajiye tare da naki. Mu biyu muna da rai, muna iya jira. In sun tashi nema, ni da ke za su nema. Shi su bar shi ya kwanta.

Taki har kullum,
Barira